Ƙullutun Malam Bitrus

Ba zan taɓa mantawa da satina na biyu a aikin gwamnati ba, a ƙarshen shekarun saba'in. An ɗauke ni gwajin wata uku a wani ofishin gona a Funtuwa, aka tura ni ɗakin ajiyar ƙwari. Ƙwari fa, matattu, a soke da allura cikin akwatunan gilashi. Ni ɗiyar manomi ce daga Tsiga, iyakar sanina da ƙwaro a kashe shi.

Mai kula da ɗakin, Malam Bitrus, yana da wata durowa da yake ji da ita. Cike take da ƙullutun da ke fitowa a jikin ganye da rassa, na ɓaure, na baushe, kowanne a ambulan ɗinsa da rubutu. Wasu kuma suna cikin kwalabe an ɗaure bakin da yadi. Damina biyu ya yi yana tara su. Ya yi mini bayani, na yi ta gyaɗa kai (ban fahimci komai ba).

Ran Litinin zai tafi Malumfashi ya ce, "Baƙi za su zo daga Zariya jibi. Ki gyara durowar nan."

To, gyara ai a gida na koya. Na zazzage su duka a tabarma ɗaya na shanya, kamar yadda Inna ke yi wa wake. Na zauna na tsince duk mai huji na watsar. Cikin kwalaben na ga wasu mitsi-mitsin ƙwari suna yawo, raina ya ɓaci da wannan sakaci, na murƙushe su tas. Sauran na barbaɗe da toka na juye a gwangwani guda. Ambulan kuwa na jera su gwanin sha'awa, babu komai a ciki.

Da baƙin suka iso, ni da kaina na miƙa gwangwanin, har da rusunawa.

Malam Bitrus ya leƙa ciki, ya dube ni, ya sake leƙawa.

"Ina masu hujin?"

"Sun lalace, Malam. Ƙwaro ya ci."

"Na kwalba fa?"

"Na gama da su."

Ya zauna a hankali. Wani dattijo cikin baƙin ya ce, "Ɗiyata, ƙwarin da kika kashe 'yar rina ce, ita ke sa itace ya yi ƙullutun, a ciki take girma. Hujin ƙofar fitarta ce. Wata huɗu ke nan yana jiran ta fito mu gani."

Kunya ta rufe ni, amma wallahi ruɗewa ta fi yawa. Na ce, "Wato ƙwarin ake so?"

Ba a kore ni ba. An dai ba ni gora da buhu, na ƙare damina ina zagaya itatuwan Tsiga neman wasu ƙullutun, 'yan garinmu na tambayar Inna ko lafiyata ƙalau.

Tun daga nan, in aka ce in gyara abu, sai na tambayi me ake so ya rage. Har yau in na ga wake mai huji, sai na ɗan waiga kafin in yar.