Tukunyar Malam Umoru

"…lafiya lau, amarya. Ina kwanan haƙoran nan biyu?"

Shakiru ke nan, ya shigo gidan kakarsa Hajiya Asana a unguwar Aboabo, rungume da na'ura mai kamar ƙaramin baho. Buƙatarsa ɗaya: tukunyar tagulla da marigayi kakansa Malam Umoru ya zo da ita daga Damagaram, yana tatsar man ƙanshi daga ganyen ɗoɗɗoya. Tun rasuwarsa ba wanda ta bari ya taɓa ta.

"Suna gaishe ka, ragon miji. Wannan fa, akwatin lefena ne?"

"Na'urar duban ɗan tayi kin sani? Ƙanwarta ce. Sauti take saki cikin ruwa, kunne ba ya ji, ganye ya farfashe ya saki mai. Jiƙon da Malam ke yi kwana guda, kafin ki gama cin waakye, shinkafa da waken nan naki, ta gama. Saura dafawa a tukunya, tururi ya kwaso man."

"Ɗoɗɗoyar ciki gare ta da za a duba? Kuma ranar da aka ɗauke wuta, sai ka tsuguna ka yi mata kuka da bakinka?"

"Ai kishi kike, na samo wadda ta fi ki sauri."

"Sauri ya haifi nawa? Mijina na gaske tun asuba yake hura gawayi, yana karatu, mai na ɗiga. Har masu katako a Anloga sun san ranar da ya ɗora tukunya. Kai ko shayi ƙona shi kake."

"Shayin da kike shanyewa har da ganye?"

"Don kar a ce na raina girkin miji."

Shakiru ya ciro 'yar kwalbar man da ya gwada tatsa a makaranta, ya ɗiga mata a bayan hannu. Ta shinshina.

"Rigarsa ta Juma'a," ta ce a hankali. Ta share ido da gefen mayafi. "Amma nasa ya fi."

"Don a tukunyarsa ya dafa."

Ta yi dariya, ta nuna ƙarƙashin gado da sanda.

"Jawo ta, ɓarawo. In ta lotsa, ka ba ni takardata, in koma wa Umoru."