Wando Mai Faci a Gwiwa

Ko zan manta da komai na zamana a New York, ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da wando ya tozarta ni a gaban Turawa ba. Wando fa, ba mutum ba. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, don ni dai a sanina gyara na yi.

Ɗana na fari ne ya ɗauko ni daga Kano in zauna da su a Bronx (ba na kama sunansa, Likita muke ce masa, ko da yake magani kawai yake miƙawa a asibiti). 'Yarsa ɗaya, Ummi, sunana aka sa mata, shi ya sa nake kiran ta takwara. Tana jin Hausa sarai, amma in ka yi mata magana sai ta mayar maka da Turanci. Yarinyar nan ba ta ga abin so a duniya ba sai doki. Tun ana hana ta har aka gaji, aka sa ta a wata barga can ƙarshen gari inda ake koya wa yara hawa. Da ta ɗan ƙware, malamarsu, wata doguwar Baturiya da rana ta gasa wa fuska, ta ce a ware mata dokinta na haya ta shiga gasar yara. Daga ranar ba a ƙara yin wata hira a gidan ba sai ta gasa.

Ranar zaɓen doki na ce ƙafata ƙafarsu. Ubana da jakuna ya yi fatauci har ya koma ga Allah, ba za a zo a yi mini bayanin dabba mai ƙafa huɗu ba. Aka fito da guda uku. Na nuna wani fari, dogo, yana haniniya yana tonon ƙasa, na ce ga doki nan. Malamar ta girgiza kai, ta jawo wani ƙuru gajere mai tumbi, gashin goshi ya rufe masa ido, wai shi ya dace da yaro don ba ya firgita. Na buɗe bakinsa na duba haƙora, na ce wa Likita wannan ai ya girmi aurenka. Ya ce, "Hajiya, tsufan ake nema." Sunansa ma wai Biskit. Takwara ta rungume wuyansa kamar ta ga ɗan'uwanta, ni kuwa na koma mota na zauna. A hanya na ƙudura a raina cewa an kayar da ni a kan doki, amma a kan tufafi ba a haifi mai kayar da ni ba. Ni da maƙwabta suke turo 'ya'yansu mata su ga yadda nake kafa karin guga.

Surukata Hadiza ce ta sayo kayan gasar ta waya, aka kawo a kwali. Hular kwano baƙa, na ce to, kai ne, a tsare shi. Baƙar kwat ba ko ɗigon aiki a wuya, kamar za a je kotu, na haɗiye. Sai na ɗago wandon. Launinsa ba fari ba, ba ruwan ƙasa ba, irin farin da ya sha jiki ya dafe a hannun ƙazamar mace. Na juya shi, sai ga faci a cikin gwiwa, dama da hagu, faci na fata, ko kunyar ɓoye ɗinkin ba su ji ba.

Na ce, "Hadiza, wannan sabo ne ko gwanjo?"

Ta ce, "Sabo ne Hajiya, haka suke," waya a kunne, jaka a kafaɗa, ta fice ofis. (Yanzu tana cewa ai ta gaya mini. Ku ku yi mana shari'a, "haka suke" bayani ne?) Ni abin da na fahimta shi ne an cuce ta a cinikin waya, kunya ta hana ta faɗa. Na ce ba komai, abin da ya sa gida yake da babba ke nan.

Washegari na hau bas ni kaɗai zuwa Fordham Road, kantin wata 'yar Ghana mai Hausar zango, na sayo bula da garin sitaci na rogo. Da gida ya watse na sa tabarau, na ɗauki reza, na farke facin nan zare bayan zare, ko ƙwarzane ban yi wa yadin ba. Na jiƙa, na cuɗa, na sake cuɗawa, dafewar nan ta ƙi fita. Na ce za ka san da wa kake yi, na ninka masa bula. Na dama sitaci mai kauri na tsoma shi. Da ya sha iska na bi shi da guga har karin ya isa yanka albasa. Na turara shi, na naɗe a leda, na sa a ƙasan jakar takwara, na ce wa Hadiza kayan gasa suna hannuna, kada kowa ya taɓa. Har godiya ta yi mini.

Ranar Asabar na ci ado, leshi da mayafi da zobba, don a san yarinyar tana da dangi. Hadiza ta wuce da ita ɗakin sauya kaya, ni da Likita muka zauna a bencin 'yan kallo. Yarinyar farko ta wuce a kan dokinta, wandonta a dafe, faci a gwiwa. Na ce Allah sarki, marainiya ce wataƙila. Ta biyu ma haka. Sai ga wata da na gani da idona direba ya buɗe mata ƙofar wata shirgegiyar mota, ita ma faci. Na raɗa wa Likita, "Wai duk garin nan dila ɗaya suka kwance?" Ya yi dariya bai gane ba. Na ce wa kaina to ai shi ke nan, takwara ce kaɗai za ta fito fes.

Ta fito kuwa. Tana tafe ƙafafu a ware kamar an ɗaura mata itace, wandon yana ƙaras-ƙaras, ana jin sa daga inda muke. A hasken kicin fari na gan shi, na rantse. A rana kuwa nan shuɗi, nan kore, kamar bangon rijiya. Hadiza na biye da ita ta dafe kai. Yarinyar ta zo gabana, hawaye har haɓa, ta buɗe baki da Hausa tsantsa, wadda na yi shekaru ina roƙon ta yi mini:

"Kaka, me kika yi wa wandona?"

Kafin in amsa malamar ta iso. Ta taɓa wandon, ta janye hannu. Ta kai yarinyar wajen Biskit ta ce ta ɗaga ƙafa ta taka likkafa, gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa. Ta ce ba za ta bar ta ta hau a haka ba. Ga lasifika ana ta kiran sunayen yara, na takwara na matsowa.

Mai hankali shiru zai yi a nan. Ni miƙewa na yi, na gyara mayafi, na ce wa Likita ya fassara kalma bayan kalma, kada ya rage. Na ce a inda na fito 'yar gidan mutunci ba ta shiga taro da faci, aikin da masu kantinsu suka kasa ne na yi musu kyauta, kuma in su ba su iya wanki ba mu mun iya. Na daɗe ina zuba. Likita ya juya ya faɗa mata abin da bai fi kalma uku ba, kuma na ji "sori" a ciki.

Baturiyar ba ta yi fushi ba, abin da ya fi ƙona ni ke nan. Ta ɗago tata gwiwar ta nuna mini facinta, ta goga shi a jikin sirdi. Ashe shi ne yake riƙe mahayi, da gangan ake ɗinka shi, mai kyaun faci ma ya fi tsada. Wanda na yi wa aiki kuwa santsinsa kamar tangaran, da zarar doki ya yi kwana yarinya tana ƙasa. Launin ma haka dokar gasar ta ce. Duk wannan a kunnen iyayen yara aka fassara mini shi, a hankali, kamar ana koya wa yaro alwala.

Aka ruga aka jawo wani kwali na kayan da yara suka manta a barga. Aka zaƙulo wandon wani yaro namiji, ya ɗage mata, da yagewa ta gaske a cinya, da tabon kashin doki a baya. Takwara ta zura shi tana murna kamar kayan sallah. Jikata, mai sunana, da kayan aro, aron ma na wanda ba a sani ba.

Na ɗauka an gama da ni, ashe da saura. Malamar ta jingina wandona da shinge, shi kuwa ya tsaya cak da ƙafafunsa, ba kowa a ciki. Mutane suka fara ɗaga waya suna ɗaukar sa hoto. Biskit da ke tsaye yana jira ya shinshino rogo, ya miƙa wuya ya kama ƙafar wandon yana tauna. Kafin a ƙwace leɓensa ya rine shuɗi. Aka taru a kaina ana tambayar me na zuba, ko guba ne, kamar an kama mayya. Na ce wa Likita ya gaya musu akuyoyinmu sun sha ruwan bula ba adadi, ba wadda ta ko yi tari. Sai da ya nuna musu hoton kwalin bular a waya suka bar dokin ya shiga fili.

Haka takwara ta yi gasarta ta farko, da yagaggen wando a kan tsohon ƙuru mai shuɗin baki. Ba ta faɗi ba, ban kuma ga ya firgita ba ko da ana ta dariya. Aka ba ta wani ɗan ƙyalle mai fure ta maƙala, wai ita ce kyautar (duk wannan tashin hankali a kan abin da bai isa ɗaure kai ba). Kwana biyu yarinyar ba ta yi mini magana ba, da Hausar da Turancin.

Ni dai har gobe ina nan a kan cewa da an zaunar da ni an yi mini bayani kamar mutum, da ba a yi haka ba. Amma na ɗauki darasi. A garin nan, in na ga abu a yage, ko a koɗe, ko da faci, ba na ƙara ɗaukar reza. Sai in fara tambaya ko haka masu kuɗi suke sayen sa.