Yadda Na Kai Tallan Daddawa Falon Alhaji Har Sau Biyu

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba a Ƙanƙara ba, ko da yake na yi iya ƙoƙarina in manta.

Lokacin ne kuɗin man fetur suka fara isowa har garuruwanmu, ma'aikata suka samu ƙarin albashi, kowa ya sayi babur da rediyo. Aka yanka fili a bayan gari, aka jera gidajen bulo masu rufin kwano, fenti iri ɗaya, tagogi iri ɗaya, kamar rana guda aka haife su. Yayana Sani, malamin gona, ya samu ɗaya. Ni kuwa ban daɗe da gama makarantar horon malamai ba, ina jiran a tura ni aiki, ba abin da nake yi sai rubuta waƙoƙi a kan farin wata da tsuntsaye.

Gwaggo Hajara ce ta rene mu. Daddawa da man gyaɗa take sayarwa a cikin gari, kuma ba ta taɓa sanin wani abu shago ba. Can gidajen ƙasa ne manne da juna, katanga iya kafaɗa. Da ta buɗe daddawa ƙamshi ya tsallaka, sai ka ga hannu ya miƙo kwano ta saman katanga. Kafin la'asar ta sayar. Ni ce na ga wannan ba ci gaba ba ne. Gidan Yaya Sani yana da gareji, shi kuma keke gare shi. Wata guda na yi ina lallaɓar Gwaggo ta tare can, mu mai da garejin shago irin waɗanda na gani a Kaduna. Na kwatanta mata matan ma'aikata suna tururuwa da yamma, rana tana gangarawa bayan duwatsu, ita tana zaune bayan kanta kamar sarauniya. (Har ƙwalla na yi don daɗin bayanin kaina.)

Ta yarda. Ta yi sallama da maƙwabtan da suka tsufa tare, muka kwaso kaya. Na jera kwalabe, na shimfiɗa daddawa a faranti mai fure, na wangale ƙofar gareji tana kallon titi.

Mako biyu muka yi. Baƙinmu su ne wani Bafulatani mai wucewa garin Ketare da ya nemi ruwan sha, sai wata akuya da ta zo sau uku.

Ranar Talata Gwaggo ta kira ni, ba faɗa ba tsawa. Ta ce, "Ke ɗiyar boko, ran Juma'a zan koma gida. In na ƙara mako guda nan, Ladi mai daddawa ta gama kwashe mani mutanena, in tashi ba can ba nan."

Na san gaskiya ta faɗa, na kuma san wanda ya jawo. Don haka da hantsin Laraba na ɗaura atamfar salla, na yafa mayafi, na ɗauki farantin daddawa, na ce zan bi gida-gida in sanar da mata. Har jawabi na tsara, na haddace.

A cikin gari, mace ta yi sallama ta ratsa zaure kanta tsaye, ta faɗa tsakar gida cikin 'yan'uwanta mata. A gidan Yaya Sani kuwa ɗakin gaba ba komai a ciki sai keke da buhunan kalwa, saboda haka a wurina zaure ne. Ban taɓa kawowa a raina cewa a wasu gidajen ɗakin nan falo ne, wurin zaman maigida da baƙinsa ba.

Na zaɓi wani gida a tsakiyar layi. Na ga takalma jibge a bakin ƙofa, na ce madalla, taron mata na tarar. (Da na dubi girman takalman, da yau ba ni da labarin ba ku.) Na tura ƙofa, kaina a sunkuye don kunya, na fara: "Salamu alaikum matan gida. Ga daddawar Gwaggo, sarauniyar miya, mai sa maigida ya dawo gida da wuri..."

Shirun da na ji ne ya sa na ɗaga kai. Maza ne, manyan riguna, sun kai goma, zaune kan sababbin kujerun da ba a ko cire musu leda ba. Gidan Alhaji Mamman ne, dillalin auduga, abokansa sun zo daga Faskari da Sabuwa yi masa barka da tarewa. Wani tsoho mai farin gemu ya dube ni, ya dubi faranti, ya ce, "Alhaji, halan har da wannan aka haɗa maku a gidan?"

Alhaji ya danne dariya ya ce, "Ɗiyata, mata na baya."

Da baya-baya na fita. Mai hankali gida za ta nufa, amma ni Juma'a nake tunawa. Na miƙe har ƙarshen layi, na zagaya lungun baya, na ce zan shiga gidan da ya fi nisa da wancan. Na ƙirga ƙofofi. Duk koraye ne, duk tsawonsu ɗaya, ni kuma idona cike da hawaye. Na shiga wata, na tarar da tsakar gida ba kowa. Sai na jiyo muryar mace a bayan wata ƙofa tana ta zuba. (Rediyo ce.) Na gyara mayafi, na tura, na ɗora daga inda na tsaya: "Salamu alaikum matan gida. Ga daddawar Gwaggo..."

Farin gemun nan na fara gani.

Ya ce, "Ta dawo. Alhaji, ka saya mana, yarinyar nan ba ta da niyyar ƙyale mu."

Wani daga gefe ya ce, "Ɗazu ta gaba, yanzu ta baya. Wanda ke kusa da taga shi lura."

Daddawa ɗaya ta zame daga faranti ta gangara kan sabuwar darduma har gaban tsohon. Ya ɗauka ya shinshina, ya ce, "Amma fa mai kyau ce," ya jefa aljihu. Falon ya ɗauki dariya, ni kuwa na daskare, na kasa gaba na kasa baya.

Wani hannu ne ya jawo ni ta baya. Hajiya Binta ce, matar gidan, ta toshe baki da gefen zane har ta kai ni madafa. Da ta samu numfashi ta ce, "Ke ɗiyar wa?" Na faɗa mata, ina shassheƙa.

Ta ce, "Au, ku ne masu garejin? Yo wa zai ratsa titi, maza na zaune a baranda, don daddawar miya? Mu ta lungun nan muke zumuncinmu, ta nan muke aron gishiri. Tun da muka tare nan ina miya da ɗunƙulen kanti da Alhaji ke kawowa daga Funtuwa, bakina har ya gaji. Miƙo farantin."

Ta leƙa lungu ta kira maƙwabta biyu, su ma suka kira nasu. Kafin in share hawaye faranti ya koma wayam. Kafin in isa gida kuma labari ya riga ni, na tarar da Gwaggo tana dariya har da riƙe ciki.

Washegari ta sa magini ya fasa mata 'yar taga a katangar baya, daidai kafaɗa. Juma'a ta zo ta wuce, ba ta ɗaure kaya ba. Mata suka yi ta zuwa, rabi don daddawa, rabi don su ga wadda ta shiga ta gaba ta dawo ta baya. Gwaggo takan nuna ni da ludayi ta ce, "Ga ta can, kallo kyauta ne."

Abin da na koya, kafin ki buɗe wa mutane shago, zagaya bayan gidajensu ki ga inda sawu ya kashe ciyawa. In kuma aka yi miki dariya a gidan mutane, ki wuce gidanku kawai, kada ki nemi wata ƙofa.