Ranar da Aka Ɗaure Min Ido da Gyale

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ba, ko da na so in manta, abokan aikina ba za su bar ni ba.

Ni malamin firamare ne a Birnin Gwari, kuma Allah ya jarrabe ni da son kiɗa. Ina da manyan sifiku biyu a falo da nake jona wa wayata. Wata rana na ga bidiyon wani Bature yana cewa duk mai jona waya kai tsaye da sifika rabin waƙa yake ji. Wai sai an sa wani ɗan akwati a tsakani, sunansa dak, shi zai karɓi sautin ya tace shi kafin ya isa sifika. Daga ranar kayana suka fita a raina. (Shekara shida ina jin su lafiya lau, sai da Bature ya yi magana na gane ashe wahala nake sha.)

Haka na hau motar Kaduna. Hanyar dajin nan da mutane ba sa bi sai da dalili mai ƙarfi, ni na bi ta saboda akwatin da bai kai sandar sabulu girma ba. Matata Hadiza ta roƙe ni har ta gaji. Na ce mata harkar sauti ce, ba za ta gane ba.

Da na dawo da akwatin, na hana kowa sakat a ofishin malamai. Mako guda ina wa'azin akwati. Sai Malam Bulus, wanda ke kula da kayan sauti a cocinsu, ya ce, "To Malam, ranar Asabar za mu zo mu ji."

Ranar Asabar ya zo da abokin aikinmu Malam Sani. Hadiza ta kawo zoɓo, ta tsaya bakin ƙofa. Na kunna wani kiɗan kalangu, na lumshe ido na ce, "Kun ji? Kun ji yadda fatar gangar nan take numfashi?" (Wallahi haka na ce. Numfashi.)

Malam Bulus ya ce, "Akwai daɗi kam. Amma bari mu rufe maka ido. Zan riƙa cire akwatin ina mayarwa, kai kuma ka gaya mana wanne ne wanne."

Raina ya ɗan sosu, amma na ce bismillah. Kafin in rufe baki Hadiza ta miƙo gyalenta. Tun da muka yi aure ban taɓa ganin ta kawo abu da sauri haka ba.

Aka ɗaure min ido, aka kunna na farko. Na buga cinya na ce, "Shi ne wannan! Ji murya tas!" Aka kunna na biyu, na yamutsa fuska na ce, "Kai, kashe, kashe! Kamar ana waƙa a cikin tulu. Wa zai saurari wannan?" Sau uku ana yi, sau uku ina yabon ɗaya ina tsine wa ɗaya. Har na ƙara da cewa duk wanda bai ji bambanci ba ya je a duba masa kunne.

Can na ji Malam Sani ya ƙware da zoɓo.

Na cire gyale. Malam Bulus yana kallon ƙasa, kafaɗunsa na rawa. Ya ce, "Malam, ka yi haƙuri. Wanda kake cewa a kashe, shi ne mai akwatin. Ɗayan kuma wayarka ce kai tsaye, na ɗan ƙara masa ƙara ne kawai."

Na ce ai wutar ce ba ta da ƙarfi yau. Hadiza ta ce, "Baban Amira, firij ma yana aiki."

Kunya ta rufe ni, haushi kuma ya fi kunyar yawa, don babu wanda zan huce a kansa. Taurin kai ya sa na ce a daidaita ƙarar a sake. Aka sake. Wannan karon ko bambancin ban ji ba, canka kawai nake yi, ina zufa cikin gyalen matata.

Ranar Litinin ina shiga ofis, malamai biyar suka rufe ido da tafin hannu suka ce, "Ina kwana, mai kunne."

Akwatin yana nan a jone, don ƙaramar fitilarsa tana da kyau. Ni dai abin da na koya shi ne, in zan sake cika baki a kan wani abu, zan fara gwada shi ni kaɗai, ƙofa a kulle, Hadiza tana unguwa.