Haladu da Kwamfutar da Ke Ajiye da Muryar Baba

A Rafin Kanya akwai wani Haladu, gemu ya fito masa amma wayo bai iso ba. Yana zaune da mahaifiyarsa, Inna Ladi, wadda tun rasuwar maigidanta ba ta da abin ɗebe kewa sai muryarsa da aka ɗauka yana waƙar noma. Wan Haladu, Mansur, ma'aikaci a birni, ya zuba waƙoƙin a wata tsohuwar kwamfuta, ya haɗa ta da sola, ya sa mata manhajar da ke tashi da kanta tana aika wa wayoyin gidan abin da suka nema.

"Ba sai ka buɗe komai ba," in ji Mansur. "A ɓoye take aikinta, ba a gani."

Wata rana Haladu ya lura duk mai wucewa yana ganinta ta taga. Ya lulluɓe ta da bargo, ya ɗora tabarma. Ta ɗau zafi ta ɗauke, Inna ta wuni ba ta ji mijinta ba. Mansur ya daka masa tsawa ta waya: "Kada ka ƙara taɓa ta!"

Wata rana akuya ta faɗa ɗakin ta fizge fulogin. Haladu ya tsaya a kansa, hannuwa a baya, tun hantsi har la'asar, sai da wata maƙwabciya ta mayar. Mansur ya ce, "Kai, ka gajiyar da ni. Aikinta ɗaya ne: duk wanda ya nema, ta ba shi."

Wata rana tausayin kwamfutar ya kama Haladu. Tana ta aiki ba mai cewa sannu, shi kuwa ya san zafin haka, don shi ke cika randunan gidan ba wanda ya taɓa tambayar wa ya cika. Ga shi Inna kaɗai ke neman wani abu a wurinta. Sai ya bi gida-gida, ya tara jama'a a zaure, ya raba musu lambar sirrin shiga kwamfutar. "Ku nema, za a ba ku." Kowa ya kwashi waƙoƙin a wayarsa. Mansur ya yi faɗa har muryarsa ta dushe.

Da damina ta sauka, tsawa ta ƙona kwamfutar. Mansur ya zo ya duba, ya sunkuyar da kai, domin bai ajiye waƙoƙin a wani wuri ba. Inna ta ce, "Yau Malam ya sake mutuwa." Kowa a gidan zuciyarsa ta karye.

Can sai murya ta tsallako katanga: Baba ne ke waƙar noma a wayar maƙwabciya, tana daka a kai. Daga wajen rijiya ma wata wayar ta amsa.

Haladu ya durƙusa gaban uwarsa. "Inna, daina kuka. Baba yana gidan kowa. Ki nema, za a ba ki."