Murhun Gwangwani na Sarkin Sikeli

A duk ƙungiyarmu ta masu yawon tsaunukan Colorado babu masani kamar Wendell Haugen. Mun yi sa'arsa ƙwarai, kuma shi da kansa yake tuna mana hakan. Tun da ya yi ritaya daga cire haƙora ya koma cire wa jakar goyo nauyi, har muka naɗa shi Sarkin Sikeli. Ya guntule mariƙin buroshinsa, ya yanke takardar wuyan kowace riga. Safa kuwa ɗai-ɗai yake aunawa, wai ta hagu ta fi nauyi.

Da muka shirya tafiyar kwana huɗu, ni da Darlene Ortega da mijinta Curtis, Sarki ya tare mu a bakin hanya da sikelinsa. Ya zazzage jakunkunanmu a ƙasa, ya ɗaga rishon gas ɗin Darlene da yatsu biyu.

"Jama'a, wannan ba murhu ba ne, jahilci ne," in ji shi. "Ku mayar mota. Cikinku yana hannuna."

Sai ya fito da nasa: gwangwanin abincin kyanwa da ya huda da kansa, ana zuba masa sifirit a kunna. Man ma da sirinji ya auna, daidai na girki takwas, ko ɗigo bai ƙara ba. Darlene ta yi gunaguni cewa ita ba ta zama mutum sai ta sha gahawa mai zafi. Ya ce ta kwantar da hankalinta, sau arba'in ya gwada.

Gaskiya ne ya gwada. A kicin ɗinsa ya gwada, tagogi a rufe. Iskar kan tsauni kuwa ba wanda ya sanar da ita lissafin. Ranar farko ta lashe man kwana biyu kafin ruwa ya yi ɗumi. Rana ta biyu kwalbar ta bushe ƙaf.

Sarki bai girgiza ba. Ya hau kan dutse ya yi mana lacca cewa manyan matafiya sun daina girki, jiƙa taliya suke da ruwan sanyi, wuta ta masu raunin zuciya ce. Muka ci taliya mai ƙaras-ƙaras, haƙoranmu na kaɗawa. Ni kam na ji haushin Sarki, na fi jin haushin kaina da na miƙa rishona ba musu.

Da safiyar rana ta uku muka nemi Sarki muka rasa. Ni da Darlene muka bi ƙamshin gahawa zuwa bayan wasu itatuwa, inda wasu mata uku suka kafa tanti, rishonsu na huci. Ga gwaninmu a tsugune, ya rungume kofin aro da hannu biyu, bai san muna bayansa ba. Ɗaya daga cikin matan tana tambayarsa yadda aka yi mutum huɗu suka hau nan ba wuta.

"Baiwar Allah, bari kawai," in ji shi cikin muryar tausayi. "Wani mai taurin kai ne ya tsara mana tafiyar. Ba ya jin shawarar kowa."

Darlene ta matso, ta zare kofin daga hannunsa, ta kurɓa a hankali.

"Ga mai taurin kan nan a gabanku. Shekara shida ina sauraronsa," ta ce wa matan, "yau ne awonsa ya fara fita daidai."