Rasuwar Ƙararrawar Tashar Ƙarshe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wanda babu mai taya shi ɗauka, tsoho Tomio Kurahashi, tsohon mai sallamar jirage a tashar ƙarshe ta ƙaramin jirgin ƙasa na cikin gari, yana sanar da rasuwar abokiyar aikinsa, ƙararrawar hannu ta tagulla.

Marigayiyar ta kama aiki tun tashar tana rumfar katako a bakin gonakin shinkafa, ba ta da fasinja sai mata masu kai kifi kasuwa. A gabanta aka cike gonakin aka gina masaƙa, aka ƙara layi na biyu, aka yi rufin siminti. Ba ta taɓa fashi ba, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara. "Ƙilin! Ƙilin!" kawai take cewa, mai gudu ya ƙara sauri, jirgi ya ɗaga.

Sau ɗaya aka san ta da makara: ranar da wata budurwa, Fumie, ta taho a guje da kwandon kifi, takalminta ɗaya a hannu. Ƙararrawa ta yi shiru har sai da budurwar ta shiga jirgi. Fumie ta leƙo ta taga ta ce wa Tomio, "Kai, mai hula! Ita ce mai nawa ko kai?" Da kaka ta zagayo aka ɗaura musu aure.

Da aka rushe tsohuwar tashar aka ɗora ta gilashi mai kantuna a sama, sai aka ba wata murya ta na'ura aikin. Tomio ya tsinci marigayiyar a cikin tarkacen da za a zubar, ya kai ta gida. Bayan rasuwar Fumie, ita kaɗai ke amsa masa gaisuwar safe.

Ciwon ajali ya fara da 'yar tsaga a leɓe. Muryarta ta dishe. Maƙeri ya jujjuya ta, ya girgiza kai. Ranar Talata ta ce "ƙwas", daga nan ba ta ƙara ba.

Ta bar hular aiki guda, da abin huda tikiti da ya yi tsatsa, da tsoho mai shekara tamanin da huɗu.

Za a ƙona mata turare ranar Lahadi da hantsi a ɗakinsa, sannan a binne ta a gindin bishiyar lemon bayan gida. Ya ari matasai na zama a wurin maƙwabta, zai kuma dafa shayi da yawa. Mai zuwa ya sauka a tashar ƙarshe ya bi lungun bayan gidan wanka. Kada ya tambayi ma'aikatan tashar, ba su san shi ba.